Sai a karo na huɗu na cinye Baldur's Gate

Sau uku ina fara gem ɗin kwamfuta na Baldur's Gate ina watsarwa. Na farko ina ɗalibi, a kwamfutar wani abokin ɗakina, lokacin da gem ɗin yake zuwa a faifan CD har biyar. Kana tsallakawa wani yanki sai ya ce cire wannan faifai ka sa wancan, ga shi ɗaya daga cikin namu ya karce, saboda haka akwai dazuzzukan da ko mun so ba mu isa mu taka ba. Na biyu da na uku kuwa ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Halina ne. Da zarar wani cikin mutanen da nake jagoranta a gem ɗin ya mutu, ko na yi zaɓin da bai kwanta mini ba, sai in koma tsohuwar ajiya, wato inda na adana wasan a baya. In hakan bai gamsar da ni ba sai in goge komai in sake sabon lale. Na san hanyar Candlekeep, inda ake farawa, zuwa garin Nashkel kamar hanyar gidan surukaina, amma birnin da aka raɗa wa gem ɗin sunansa ko ƙofarsa ban taɓa gani ba.

Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya sani zan fasa ƙwai, labarin duka zan faɗa.

Gem ɗin ya kwana biyu. A watan Disamba na 1998 ya fito daga BioWare, wani kamfani na birnin Edmonton a Kanada wanda likitoci suka kafa. Wanda na buga a wannan karon shi ne gyararren da Beamdog suka fitar a 2012, Enhanced Edition, wanda ya haɗo har da ƙarin da aka yi wa na asali a 1999. Ba ya cin ƙarfin na'ura, tsohon laftof ɗina da ke nishi in an buɗe masa bidiyo ma yana ɗaukarsa lafiya lau. Abin da ya tayar mini da tsohon tsumi shi ne surutun da aka yi ta yi kan kashi na uku na gem ɗin da ya fito a 2023. Wannan kam kwamfutata ko a mafarki ba za ta ɗauka ba, sai na ce to bari in biya tsohon bashi.

Ƙanena da ke zaune a wurinmu yana karatu shi ya kafa mini doka. Shi ɗan ƙwallo ne a gem, duk abin da ya wuce minti goma ba ya da haƙurinsa. Ya leƙo ya ga 'yan mutane kamar tururuwa suna yawo a allo, ya ji tarihin watsarwata, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ai ba gem ɗin ne ya fi ƙarfinka ba. Kai ne ba ka son a zura maka ko ɗaya."

Muka ƙulla yarjejeniya. Babu sake farawa daga tushe. Babu komawa tsohuwar ajiya sai in ni kaina aka kashe, tunda nan dole ce, gem ɗin ne da kansa yake tsayawa. In wani ya mutu, ya mutu, in san yadda zan yi da gawarsa. Wanda ya faɗi shi zai sayi tsire.

Daren farko ko fita filin wasa ban yi ba. Kafin komai sai ka ƙirƙiri mutuminka, kuma halayensa shida, ƙarfi da zafin nama da juriya da kaifin ƙwaƙwalwa da hikima da kwarjini, da dayis ake jefa su, kamar na ludo. Akwai maɓallin sake jefawa, ba shi da iyaka. Na zauna ina dannawa har shayina ya huce, in ga jimla mai kyau yatsana ya riga idona ya wuce ta, in yi tsaki in ci gaba. A baya matsafi nake zaɓa, don burgewa. Matsafi a matakin farko jininsa, wato makin rayuwarsa, huɗu ne, tsafinsa ɗaya tak a yini, in ya harba shi sai ya koma gefe yana jifa da majajjawa kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. Wannan karon mayaƙi na ɗauka, mai takobi da baka, ba ƙwalisa.

Lissafin faɗan gem ɗin daga Dungeons & Dragons aka ɗauko shi, bugu na biyu, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir, kuma a juye yake. Lambar sulke, ƙarama ta fi babba. Mai riga kawai yana da 10, sulken fata 8, na sarƙa 5, na farantin ƙarfe 3, har a gangara ƙasa da sifili. Ina ɗalibi na taɓa sayar da sulken sarƙa na riƙe na fata, don na ga 8 ta fi 5. Akwai kuma wata lamba da suke kira THAC0, wadda ke faɗin iya saranka, ita ma daga 20 take farawa tana sauka. Duk sara ɗaya kwamfuta na jefa dayis mai fuska 20 a ɓoye. In lambarka 18 ce, sulken abokin gaba 5, sai ka cire, kana buƙatar 13 ko sama kafin takobinka ya taɓa shi. Shi ya sa a farkon wasa za ka ga ƙato biyu sun tsaya gaba da gaba suna ta kai wa iska sara.

A Candlekeep ake farawa, ganuwa ce da ba komai cikinta sai littattafai da masu karanta su, inda ko shiga ba a yi sai da kyautar littafi mai tsada. Kai maraya ne a hannun wani dattijo, Gorion. Kafin ku fita akwai 'yan aike-aike: ka nemo wa wata tsohuwa Phlydia littafinta da ta manta a cikin ciyawa, ka kawo wa Dreppin maganin saniyarsa, ka kashe wa Reevor ɓeraye a sito. Sau huɗu ke nan ina yin su, ido rufe ma zan iya. Daga nan Gorion ya ja ka cikin dare, wani ƙato cikin sulke mai ƙaho ya tare ku, ya kashe dattijon, kai kuma ka ranta a na kare.

Da safe Imoen ta same ni, yarinyar da muka tashi tare, ɓarauniya mai bakin tsiya. A matakalar masaukin Friendly Arm wani matsafi Tarnesh yana jira, wanda ya kashe ni a baya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A aljihunsa akwai takardar da ke cewa an sa zinare 200 a kaina, kuma kuɗin hawa yake yi duk lokacin da wani makashin ya sake zuwa. A cikin masaukin na ɗauki Khalid da matarsa Jaheira. Ita ce mai gidan a gaskiya, shi kuwa in'ina gare shi, kuma in faɗa ya yi zafi yakan tsorata ya juya da gudu, sai ka ga hotonsa ya daina jin umarni. A Nashkel na ƙara da Minsc, ƙaton da ke yawo da ɗan ɓera mai suna Boo yana shawara da shi, muka je sansanin wasu halittu masu kan kura muka fito da Dynaheir, matsafiyar da yake gadi. Mutum shida, iyakar abin da ake yarda ke nan.

Abu biyu suka sauya mini wasan. Na farko dogon maɓallin nan na ƙasan kibod, wanda ke tsayar da komai cak. Ka tsayar, ka ba kowa aikinsa, ka saki na daƙiƙa biyu, ka sake tsayarwa. Da can ganin ragwanci nake yi masa. Na biyu baka. Na raba wa kusan kowa kwari da baka ko majajjawa, yawancin abokan gaba kafin su iso inda takobi zai yi aiki sun zama bushiya.

Khalid ne ya fara mutuwa, a ramin haƙar tama na Nashkel, inda wasu ƙananan halittu masu fuskar kare suke harbin kibau masu wuta daga cikin duhu. Hannuna har ya tafi wajen lodin ajiya, na ji gyaran murya a bayana. To. Wanda ya mutu hotonsa yakan koma toka-toka, kayansa duka su zube a ƙasa: sulke, kwalkwali, garkuwa, takobi, kibau. Kowa kuma akwai iyakar nauyin da zai ɗauka. Na tsaya ina rabon kayan mamaci, na jibga wa Minsc sulken, na zubar da wasu takubban da na tara don sayarwa, muka hauro hawa-hawa zuwa waje, muka taka har ɗakin bautar garin, na biya kuɗin da na daɗe ina tarawa aka tashe shi. Ya farka tsirara da jini ɗigo ɗaya, na sake sa masa kaya ɗaya bayan ɗaya. Kusan rabin sa'a abin ya ci. Amma daga ranar ban sake tura Khalid gaba ba tare da Imoen ta duba tarko ba, kuma na fara sanin sunan kowane lungu da ya ci mini mutum.

Labarin kansa, wanda a baya ban tsaya na saurara ba, na kasuwa ne. Ƙarfe ya lalace a yankin, takobi na karyewa a hannunka tsakiyar faɗa, garma na karyewa a hannun manomi. Ashe wani kamfanin fatake ne, Iron Throne, ya sa ake zuba guba a tamar Nashkel, ya ɗauki 'yan fashi suna tare ayarin da ke kawo ƙarfe daga waje, shi kuma yana da nasa ramin a ɓoye cikin dajin Cloakwood yana jiran farashi ya tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda hatsi ke ɓacewa daga kasuwa gab da damina ya dawo da sabon kuɗi ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Cloakwood ɗin nan ne ya fi ba ni wuya a rabin farko. Daji ne bayan daji, na biyun cike da gizo-gizo manya kamar jakuna, da tarkon yana a ƙasa wanda ke kafe mutum wuri ɗaya har su iso. Dafinsu ba ya jira, jini ke zuba kana kallo. Na shiga da kwalbar makari uku kacal, na fito da gawa biyu. Sai da na koma garin Beregost na sayo makarin da yawa, na kuma karɓo sulken da na ba maƙerin garin ya yi mini da ɓawon wani ƙaton ƙwaro mai suna ankheg, a kan zinare 4,000, kuɗin da har yau nake jin zafinsu. A ƙasan ramin akwai matsafi Davaeorn, mai ɓacewa nan ya ɓullo can yana sakin tsawa. Bayan shi sai ka buɗe wa kogi hanya ya cinye ramin. Akwai wani bawa Rill da ke roƙon zinare 100 don ya toshe bakin masu gadi ya fitar da 'yan'uwansa kafin ruwa ya zo. Na ba shi ba tare da ciniki ba.

Sai ga gadar, sai ga birnin. Shekara nawa ina jin sunansa. Kuma a nan ne na kusa sake watsarwa, ba don wuya ba, don yawa. Unguwa tara, kusan kowace ƙofa tana buɗuwa, kowa ka taɓa yana da matsalar da yake so ka warware. Wani ma ya sa mana guba ya ce kwana goma suka rage mana. Littafin aikina ya cika har na rasa wanne ne gaba. Mako biyu ban buɗe laftof ɗin ba. Ƙanena bai ce komai ba, sai dai kullum in mun haɗu a tsakar gida ya tambaye ni ko mai tsiren bakin titi ya fi ko na kusa da masallaci. Na koma, na ɗauki takarda na rubuta abu biyar da zan yi, sauran na bar wa masu su.

Babi na shida shi ne inda gem ɗin ya kama ni da gaske. An mayar da ni Candlekeep, na sami wasiƙar da Gorion ya bari. A tatsuniyar wannan duniya tasu akwai wani abin bauta na kisa, Bhaal, wanda ya hango mutuwarsa sai ya bar 'ya'ya barkatai a cikin mutane don ya dawo ta jininsu. Ni ɗaya ne daga ciki. Mafarkan jinin da ake nuna mini tsakanin babi da babi, da ikon warkarwa da nake farkawa da shi ba tare da na koya ba, duk daga nan suke. A ɗakin karatun wani mutum mai ladabi ya tare ni, ya ce sunansa Koveras, har da ba ni zobe. Ƙanena da ke cin gyaɗa a gefe ya ƙura wa allon ido.

"Yaya, karanta sunan nan daga baya mana."

Sarevok. Sunan da na yi ta gani a wasiƙun da nake kwashewa daga gawarwaki. Shi ne ƙaton da ya kashe Gorion, kuma ɗan'uwana ne uba ɗaya. Ƙarfen ma ba shi ne damuwarsa ba, yaƙi yake so ya haɗa tsakanin birnin da ƙasar Amn, a zubar da jinin da zai ɗaga shi ya gaji uban.

Aka ɗora mini kisan shugabannin Iron Throne, na gudu ta kushewun ƙarƙashin ganuwar. A can ne na ga Phlydia tana tahowa, tana maganar littafinta. Na saki linzamin, don na ɗauka taimako ya zo. Sai fuskar ta narke ta zama wata halitta mai launin toka. Masu rikiɗa ne. Dreppin mai saniya, Reevor mai ɓeraye, duk mutanen da na yi wa aike sau huɗu cikin gundura, ɗaya bayan ɗaya suka zo da muryar da na sani, na sa musu kibau. Daga ƙarshe har da fuskar Gorion. A nan kam na tsayar da wasan na ɗan jima ban saki ba.

Abin da ya biyo baya da sauri ya tafi. Dakarun birni na nemana ruwa a jallo, na bi ta magudanan ƙasa, na ƙwato littafin sirrin Sarevok da takardar gayyata zuwa bikin naɗa shi, na shiga fada. Masu rikiɗa suka far wa sarakunan birnin biyu da suka rage, Belt da Liia, waɗanda in duka suka mutu wasa ya ƙare. Liia ta faɗi, Belt ya tsira da ƙyar, na miƙa masa shaidar. Sarevok ya tsere ta wata ɓoyayyiyar hanya mai tarko a kowane taku, zuwa wani mataccen gari da ke ƙarƙashin birnin. A ƙofar ɗakin bautar Bhaal masoyiyarsa Tamoko ta tare ni. Na ƙi yaƙarta, ta kauce.

Lokacin ina mataki na 8, kuma gem ɗin ba ya bari a wuce makin gogewa 161,000, saboda haka babu zancen in je in ƙara ƙarfi in dawo. Ciki fili ne babba, da hoton ƙoƙon kai a daɓe, tarko a kansa da gefe-gefensa. Sarevok na can sama da mutum uku: Tazok shugaban 'yan fashi, Angelo mai kibau masu fashewa, da matsafi Semaj. Shigata ta farko ko minti ɗaya ban yi ba. Ta biyu haka. Ta uku na kashe Semaj, Sarevok ya iso kaina, sara uku ya gama da ni.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Fankar laftof kawai ake ji, da sanyin hunturu ta ƙasan ƙofa. Maiɗakina ta leƙo da fitilar waya.

"Malam, ƙarfe ɗaya fa ta wuce. Mutanen nan naka ba sa barci ne?"

Na ce saura kaɗan. Batir ya nuna kashi 30.

Sai na buɗe jakunkunanmu na duba da kyau, abin da ban taɓa yi ba. Wata uku ina tara kwalabe ina cewa sai ranar wuya, kamar tsohuwa da kwanukan jerenta. Maganin ƙarfin ƙattai, man sauri, maganin da ke hana wuta ci, kwalaben da ake jifa su fashe, sandar tsafi mai aman wuta da ko sau ɗaya ban kaɗa ba, wata mai kiran dodanni. Ƙanena ya ƙirga kwalabe sama da arba'in, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Wa kake ajiye wa, Yaya? Magada?"

Muka tsaya a bakin ƙofa, kowa ya sha har ya ƙoshi. Dynaheir ta tura dodanni gaba su ci dukan farko, ta bi su da wuta daga nesa. Semaj ya ɓullo kusa da mu, kibau suka tarbe shi. Angelo ya saki nasa, jinin Imoen ya koma ja, na janye ta bayan ginshiƙi. Sai ga Sarevok ya ratso dodannin kamar mai ratsa gonar dawa, kai tsaye wurina. Minsc na can ya riƙe Tazok. Wanda ke kusa Khalid ne kaɗai. Na tsayar da wasan, na daɗe ina kallo, sannan na tura shi ya tare hanya, ni kuma na ja baya na ɗana kibiya.

Ina jiran ya tsorata ya gudu kamar kullum, amma ya tsaya. Na ɗura masa kwalbar warkarwa, Jaheira ta ƙara masa, duk abin da muka zuba sara ɗaya ke kwashewa. Mu huɗu muna ta harbi. Hoton Khalid ya koma toka-toka, kayansa suka zube. Sarevok ya juyo, ya yi taku biyu ko uku, wata kibiya ta same shi, ban ma san ta wa ba ce.

Nan take allon ya ɗauke daga hannuna. Ba a jira a gama da sauran ba, ba a ba ni damar tattara kayan kowa ba. Ɗan gajeren bidiyo ne: gawar Sarevok ta zama ƙura mai ruwan zinare, ta gangara wani rami mai zurfi da gumakan 'ya'yan Bhaal jere a bango, nasa ya rushe, sauran da yawa suna tsaye. Sai sunayen waɗanda suka yi gem ɗin suka fara hawa. Zinare dubbai a aljihuna, ga ɗakin bauta can sama, babu halin zuwa.

"Shi ke nan?" in ji ƙanena. "Ba za a tashe shi ba?"

Batir na kashi 9. Na rufe.

Tsiren dai shi ya saya, bayan doguwar gardama kan ko mutuwata uku a ɗakin ƙarshe ta karya doka. Da yammar muna ci na ɗauki mutumin nawa na shigar da shi kashi na biyu, Shadows of Amn na 2000, don kawai in ga yadda yake farawa. Na farka a keji, a kurkukun wani matsafi. Imoen ta buɗe ni, ga Minsc, ga Jaheira. Minsc ya ce an kashe Dynaheir a gabansa. Muka yi ta ratsa ɗakuna har muka iso wani da teburi a ciki, da gawa a kai. Jaheira ce ta fara gane shi.

Ƙanena ya ajiye tsinken tsirensa.

"Ashe ko ka tashe shi ma, asarar kuɗi za ka yi."

Na yi ajiya a wurin, na kashe laftof ɗin. Wannan sai bayan Sallah.